Sake Neman Digirin Dakta a Tarihi Bayan An Ƙi Ka: Yadda Amurka Ke Tantancewa da Abin da Ake Gyarawa

Daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Maris ne jami'o'in Amurka ke sakin amsar masu neman digiri na uku a fannin tarihi, kuma mafi yawan amsoshin ƙi ne. Wasiƙar gajera ce: an gode da nema, bana masu nema sun yi yawa, guraben kaɗan ne, ana yi maka fatan alheri. Dalili kam ba za ka gan shi a ciki ba. Wannan shirun ne ke jefa mutane cikin kuskure iri biyu. Wani ya ɗauka an auna ƙwaƙwalwarsa an ga ba ta kai ba, sai ya haƙura gaba ɗaya. Wani kuma ya ce rabo ne bai tsaga ba, sai ya jira Disamba ya sake tura takardun nan na bara, kwanan wata kawai ya canza, ya sake zuba kuɗi. Dukansu biyu ba su tsaya sun duba yadda ake yanke hukuncin ba, alhali daga nan ne ake gane abin da ke hannun mai nema da abin da ba ya hannunsa.

A jami'o'in da ake rububinsu, sashen tarihi ne ke biyan ɗalibin dakta. Wanda aka ɗauka ana yafe masa kuɗin makaranta, a ba shi alawus da inshorar lafiya, yawanci na shekara 5, shi kuma ya taya malamai koyarwa da duba jarrabawar 'yan digirin farko. Ke nan duk sunan da kwamiti ya amince da shi alkawarin kuɗi ne mai nauyi, kuma ba sashen ne ke yanke yawan mutanen ba. Ofishin karatun gaba da digirin farko ne ke gaya masa cewa bana mutum kaza za ka ɗauka. Sashe mai suna kan karɓi takardun ɗaruruwan mutane ya ɗauki goma sha wani abu, wata shekarar ma ba su kai goma ba. Guraben kuma sai an raba su tsakanin masu tarihin Amurka, da Turai, da Latin Amurka, da Gabashin Asiya, da Gabas ta Tsakiya, da Afirka. Kafin rabo ya iso kan Afirka, gurbi ɗaya ne ko biyu, wani lokacin babu ko ɗaya.

Takardun mai nema kan bi hannu biyu. A wasu sassan kwamitin ɗauka ne ke fara tacewa sannan ya miƙa wa malaman fannin da ka zaɓa su jera sunaye, a wasu kuma malaman fannin ne ke fara karantawa. Ko ta wace hanya aka bi, a zaman ƙarshe sai an sami malami guda da zai buɗe baki ya ce wannan nawa ne, zan duba aikinsa har ya gama. In ba a samu ba, komai kyan takardunka sai su kwana a tebur. Malamin da ya dace da kai yana iya kasancewa a hutun bincike a shekarar. Yana iya zama saura masa shekara biyu ya yi ritaya, ba zai karɓi wanda aikinsa zai ci shekara 6 ko 7 ba. Wataƙila ya tara ɗalibai huɗu da ba su gama ba, ko kuma bara shi aka bai wa gurbi, bana na abokin aikinsa ne. Akwai ma shekarun da ake rufe ƙofa ɗungurungum. Bayan annobar korona ta 2020, jami'o'i irin su Kolambiya da Pensilbaniya sun dakatar da ɗaukar sababbin ɗaliban dakta a sassa da dama na zangon 2021, kuma a ƙarshen 2024 Jami'ar Boston ta sanar ba za ta ɗauki sababbi ba a sassa da yawa, har da na tarihi.

Sanin wannan yana rage raɗaɗi, amma kada mutum ya fake da shi. Takardu masu rauni ma ana ƙin su, kuma su ne suka fi yawa.

Yadda aka ƙi ka yana magana

Tunda wasiƙar ba ta faɗin dalili, sai a duba siffar abin da ya faru a dukan wuraren da aka nema. Wanda aka kira shi hira ta bidiyo, ko aka sa shi a jerin masu jira ko da a wuri ɗaya ne, takardunsa sun kai zaman ƙarshe. Shi gyaransa kaɗan ne, kuma bai kamata ya rushe abin da ya gina ba. Wanda aka ƙi a dakta amma aka ce masa ga gurbin digiri na biyu, an ga alamar iyawa a tare da shi, sai dai an ga bai nuna hujjar bincike da ta isa ba. Wanda ya nemi wuri takwas ko goma, aka ƙi shi duka ba hira ba jerin jira, to akwai matsala a gindin takardun, kuma galibi a samfurin rubutu take, wato yankin bincikenka da kake turawa a gani, ko a bayanin manufa, wato takardar da ke faɗin binciken da kake so ka yi. Shi kuwa wanda ya nemi Harvard da Yale da Princeton kawai aka ƙi shi, bai koyi komai game da kansa ba, domin wuraren nan suna ƙin mutanen da wasu manyan jami'o'i ke ɗauka da gudu.

Ana iya tambaya. Lokacinta bayan 15 ga Afrilu, sa'ad da hayaniyar ɗauka ta lafa. A rubuta wa malamin da ke kula da karatun gaba da digirin farko a sashen, ko malamin da ka ambata a takardarka, imel na layi biyar ko shida: ka nema bana, ba a ɗauke ka ba, kana shirin sake nema, wane ɓangare ne ya fi buƙatar ƙarfafawa? Kada ka nemi a sake duba hukunci, kada ka kawo ƙorafi. Da yawa ba za su amsa ba, wasu sassan ma ƙa'idarsu ce ba sa bayani. Amma in mutum ɗaya ya ba ka jimla biyu na gaskiya, sun fi duk hasashen da za ka yi kai kaɗai.

In kana jerin jira, Afrilu watanka ne. Akwai yarjejeniya tsakanin jami'o'in Amurka cewa wanda aka bai wa gurbi mai tallafi yana da damar yin tunani har 15 ga Afrilu, don haka sai kwanakin nan ne masu gurbi biyu ko uku ke sakin waɗanda ba sa so. Ka rubuta sau ɗaya ka tabbatar kana nan kana so, in wurin ne zaɓinka na farko ka faɗa, sannan ka bar su.

Samfurin rubutu

A nan ne ya kamata rabin ƙarfin shekarar jira ya tafi. Yawancin sassa na neman shafi 15 zuwa 25, wasu su yarda har 30. Malamin da ke da tulin takardu a gabansa ba zai karanta naka daga farko zuwa ƙarshe ba sai in shafukan farko sun riƙe shi. Zai karanta shafi biyu ko uku, ya leƙa bayanan ƙasan shafi ya ga da me ka yi aiki, ya duba kammalawa. Abin da yake nema guda ne: shin wannan mutumin ya iya ɗaukar takardar da aka rubuta a zamanin da abin ya faru, ko maganar wanda ya gani da idonsa, ya ciro daga ciki wata hujja da ba a ba shi a aji ba?

Kuskuren da ya fi yawa ga waɗanda suka yi karatu a jami'o'in Nijeriya da Gana shi ne tura babin farko na kundin digiri. Wannan babin, kamar yadda aka saba tsara shi, shimfiɗa ce da bayanin matsala da manufofi da iyakokin bincike da bitar littattafai, ba a taɓa majiya ta farko ko ɗaya a cikinsa. Babi na biyu ma sau da yawa bayanin ƙasa ne da mutanenta, ruwan sama da sana'o'i da asalin ƙabilu, an tsinto daga littattafan wasu. Mai karatu a Wiskonsin ko Mishigan zai gama shafi 20 bai ga ka yi aikin masanin tarihi ko sau ɗaya ba. Babin da ake so shi ne na uku ko na huɗu, inda fayiloli da hirarraki suke. Shi ma ba a yanko shi a tura haka nan. Sai an sake gina shi ya tsaya da ƙafarsa: a shafin farko a faɗi tambayar, a faɗi amsar da aka cimma, a faɗi majiyar, a faɗi wanda ya riga ya yi magana a kan batun da inda aka rabu da shi.

Ga yadda abin yake a kusa. A ce ka je ma'adanar takardu ta ƙasa da ke Kaduna, ka ɗauko rahoton kimanta haraji na wata gunduma daga fayilolin lardin Kano. Jami'in mulkin mallaka ya ƙidaya gidaje da gonaki da masu sana'a, ya rubuta cewa mutanen wani ƙauye suna yawan ƙaura saboda lalaci ko rashin son biyan haraji. Rubutu mai rauni zai kwafe ƙidayar ya kuma maimaita hukuncinsa kamar gaskiya ce tsantsa. Rubutu mai ƙarfi zai tambaya: wa ya ba jami'in waɗannan alƙaluma, dagaci ko malamin hakimi, kuma me suke da shi na ɓoyewa ko ƙarawa? A wane wata aka yi ƙidayar, kafin 'yan cirani su tafi ko bayan sun tafi? Me wasiƙar sarki ta Larabci ta ce a kan wannan ƙauyen a shekarar, kuma me dattawan da aka yi hira da su suka riƙe? Shafi uku na irin wannan tambayar majiya sun fi shafi ashirin na taƙaita littattafai. Sannan a ƙasan shafi kowace magana ta sami mazauninta: sunan ma'adana, lambar fayil, taken takarda, kwanan wata, hira kuma a faɗi wuri da rana. Masana tarihi a Amurka tsarin rubuta majiya da ake kira na Shikago suke bi a wannan, kuma rikon sakainar kashi a ƙasan shafi yana sa a yi shakkar abin da ke samansa.

Wanda ke zaune kusa da Kaduna ko Kano ko Sakkwato ko Yamai yana da abin da ɗalibin Amurka ke neman tallafi na musamman kafin ya samu. Gidan Arewa na nan a Kaduna, ofishin tarihi na Waziri Junaidu na Sakkwato, hukumar tarihi da al'adu na Kano, cibiyar binciken ilmin ɗan Adam ta Yamai na da tarin rubuce-rubucen hannu. Wata uku na zuwa a kai a kai sun isa a haɗa sabon rubutu daga tushe. Abin takaici ne a ga mai wannan damar ya sake tura rubutun da babu lambar fayil ko ɗaya a ciki.

A ba wani ya karanta kafin a tura, musamman don Ingilishi. Amma a guji masu rubuta wa mutum da kuɗi da kuma manhajojin da ke rubuta komai. Rubutunsu sumul yake, ba ya riƙe da wata majiya, kuma in an kira ka hira aka tambaye ka a kan shafi na 9, nan take asiri zai tonu.

Bayanin manufa

Shafi biyu ne, kalma dubu ko ƙasa da haka, kuma shi ake fara karantawa. Wanda aka ƙi a bara ya ɗauko nasa ya ƙidaya layi nawa ya kashe a kan son tarihi tun yana yaro, da yabon jami'a, da alkawarin ciyar da Afirka gaba. Duk waɗannan kowa na rubuta su, don haka ba sa raba ka da kowa. Labarin rayuwa yana da muhallinsa: wasu jami'o'i, kamar na Kalifoniya, suna neman takarda dabam a kansa. Wannan kuwa ta aiki ce.

Dubi bambancin. Wani ya rubuta cewa yana so ya yi bincike a kan tasirin mulkin mallaka ga tattalin arzikin Arewacin Nijeriya. Wannan fage ne, ba tambaya ba, an kuma rubuta littattafai da yawa a kansa. Wani ya rubuta cewa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, manoma suka shiga karɓar kuɗi tun kafin girbi, shi yana so ya gano yadda shari'o'in bashi suka canza a kotunan alƙalai daga lokacin zuwa matsin tattalin arziki na shekarun 1930: wa ke kai ƙara, wa ke tsayawa shaida, ina mata suke a ciki. Ya ce zai yi aiki da rijistar kotu ta Larabci, da fayilolin lardi a Kaduna, da takardun ofishin mulkin mallaka a Kew da ke Landan. Na biyun ya ba malami wuri da zamani da majiya da harshe, ya kuma ba shi abin da zai kare a gaban abokan aikinsa masu tarihin shari'a ko na jinsi a wasu nahiyoyi. Wannan ɓangaren na ƙarshe ana yawan mantawa da shi. Yawancin masu jefa ƙuri'a a kanka ba masana Afirka ba ne, don haka sai ka nuna musu dalilin da tambayarka za ta dami wanda bai taɓa jin sunan Dawakin Tofa ba.

Kada kuma a ƙulle batun tamau. A Amurka ɗalibi na shafe shekara biyu zuwa uku yana ɗaukar darussa da shirin babbar jarrabawar fanni kafin a amince da tsarin kundinsa, kuma malamai sun san batun zai sauya. So suke su ga ka iya tsara tambaya, ba wai ka riga ka san amsa ba.

A ambaci malamai biyu ko uku, domin kwamitin kundi ba mutum ɗaya ba ne, a kuma faɗi abin da ke haɗa aikin kowannensu da naka cikin jimla ɗaya da ke nuna an karanta shi da gaske. A duba shafin sashen a watan da za a tura. Sunayen da muka fi sani daga littattafan aji da yawansu na waɗanda suka yi ritaya ne ko suka rasu. John Hunwick, wanda sunansa ya haɗu da Jami'ar Northwestern da nazarin rubuce-rubucen Larabci na Afirka ta Yamma, ya rasu a 2015. Jan Vansina na Wiskonsin ya rasu a 2017. Mai nema da ya ce yana ɗokin aiki da wanda ba ya nan ya nuna bai yi binciken minti biyar ba, a takardar da ke neman a yarda shi mai bincike ne.

Wasiƙun malamai, harsuna, da takardun makaranta

Wasiƙa uku ake nema, kuma muƙamin mai rubutawa bai kai sanin da ya yi wa aikinka muhimmanci ba. Wasiƙar shugaban jami'a ko kwamishina mai layi huɗu, cewa wane mai ladabi ne mai ƙwazo, ba ta ɗaga komai. Wadda ke aiki ita ce ta malamin da ya duba kundinka, mai shafi ɗaya da rabi ko biyu, da ke cewa ga abin da ya gano a fayil kaza, ga yadda ya gyara hujjarsa bayan an soke ta, ga matsayinsa cikin ɗaliban da na koyar a shekara goma. Malamanmu da yawa ba su saba da wannan salon ba, don haka ka je da girmamawa ka yi bayani, ka kai samfurin rubutunka da bayanin manufa da jerin jami'o'i da ranakun rufewa, aƙalla mako shida kafin wa'adi. In malami ya ce ka rubuto ya sa hannu, ka roƙe shi ya karɓi jerin bayanai a maimakon haka. Wasiƙu uku masu murya ɗaya, muryar da ta yi kama da ta bayanin manufa, ana gane su. Jami'a kan aika wa malamin mahaɗi ta imel, sau da yawa ya faɗa akwatin tarkace, sai ka bi sawu. Fom zai tambaye ka ko ka yafe haƙƙin ganin wasiƙar, haƙƙin da wata dokar Amurka ta 1974 ta bai wa ɗalibai. Ka yafe, domin wasiƙar da aka san ɗalibi zai gani ba a ba ta nauyi sosai. A zagaye na biyu, kowace wasiƙa a sabunta ta da abin da ka yi a shekarar, wadda kake zargin ta fi rauni kuma a nemi wani malamin.

Harshe babban jari ne a tarihi. Yawancin sassa na buƙatar harshe biyu ban da Ingilishi ga wanda ba tarihin Amurka yake yi ba. Hausa ta riga ta ba ka ɗaya, kuma wanda ya yi makarantar allo da ta ilmi, yana karanta Larabci da ajami a rubutun hannu, ya riƙe abin da wasu ke shekaru suna koyo. Ɗakin karatu na Herskovits a Northwestern na ajiye da tarin littattafan Malam Umar Falke na Kano, fiye da guda dubu 3, Jami'ar Boston kuma ta daɗe tana tattara rubutun ajami. Sai dai faɗa a fom bai isa ba. A nuna a cikin samfurin: a kawo nassi, a fassara da kai, a yi aiki da shi. Mai batun Nijar ko Chadi ko Kamaru ba makawa sai da Faransanci, domin takardun mulkin mallaka da yawa da Faransanci suke, kamar waɗanda ke Yamai da Dakar da garin Aix a kudancin Faransa. Shekarar jira ta isa a yi kwas a sami takardar shaida.

Makin digirin farko ba ya gyaruwa, sai dai a rufe shi da digiri na biyu mai kyau. Jarrabawar GRE ta neman shiga karatun gaba da digirin farko, sassan tarihi da yawa sun daina nema tun 2020, inda ake nema kuma sakamakonta na aiki shekara 5. Jarrabawar Ingilishi ta TOEFL da IELTS shekara 2 kawai suke yi, kuma a nan masu sake nema ke faɗawa rami, su tarar sakamakon ya mutu kafin Disamba. Wasu jami'o'i na yafe wa 'yan Nijeriya da Gana, wasu ba sa yafewa, kowacce da ƙa'idarta. Takardar makin dukan shekaru a fara nemanta tun Yuli, musamman in jami'ar na son a bi ta WES, cibiyar tantance takardun karatun ƙasashen waje, a tantance.

Digiri na biyu a tsakani

Ga wanda digirin farko kawai yake da shi, ko yake shigowa daga wani fanni, digiri na biyu shi ne gyaran da ya fi tabbas, domin yana samar da sabon rubutu da sababbin masu shaida. Amma iri-iri ne. Akwai na shekara ɗaya a manyan jami'o'i, kamar shirin MAPSS na Jami'ar Shikago, inda ake yawan tura waɗanda ba a ɗauka a dakta ba. Horonsu na da ƙarfi, sai dai tallafin sau da yawa rangwame ne a kan kuɗin makaranta, sauran dubban daloli kuma a wuyanka. Ra'ayinmu a nan a fili yake: kada a ci bashi ko a sayar da gona don digiri na biyu a tarihi, domin bai ba da tabbacin gurbin dakta ba, albashin fannin kuma ba ya biyan irin wannan bashin. Akwai na shekara biyu a wasu jami'o'in jihohi da ke biyan ɗalibi ya taya koyarwa, waɗannan su ne abin nema. Akwai kuma na gida, a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Ibadan, kusa da ma'adanai, da kuɗi kaɗan. Illarsa jinkiri, kamar yajin aikin malamai na 2022 da ya ci wata takwas. Ba dole sai an kammala kafin a nema ba, babi ɗaya mai ƙarfi da wasiƙar mai duba aiki sun wadatar.

Jerin jami'o'i da sake turawa

Wuri shida zuwa goma shi ne daidai, in aljihu ya ɗauka. Kowane fom kan ci kusan dala 70 zuwa 120, wasu jami'o'i na yafewa in an nema da wuri. A zaɓa ta malamai, ba ta jerin suna ba. A tarihin Afirka, jami'o'in jiha irin su Wiskonsin da Mishigan Sitet da Indiyana suna da tushe mai zurfi da ɗakunan karatu da koyar da harsunan Afirka. A Satumba ko farkon Oktoba a rubuta wa malamin da ake so gajeren imel: ga ni, ga tambayata cikin jimla uku, shin kuna ɗaukar ɗalibai a zangon da ke tafe? Amsar wannan kaɗai na iya cece ka daga asarar dala ɗari. Rashin amsa ba ƙi ba ne, amsa mai daɗi kuma ba gurbi ba ce, tunda kwamiti ne ke da hukunci.

Sake neman wurin da aka ƙi ka ba laifi ba ne, kwamitoci na canzawa duk shekara, kuma in ka kai jerin jira ma ya kamata ka koma. Sabon fom ne da sabon kuɗi, yawanci da sababbin wasiƙu. Jimla ɗaya ta isa a bayanin manufa: tun bayan neman bara na yi wata huɗu a ma'adana kaza, na kammala kwas na Faransanci, samfurin da ke haɗe sabo ne. Ba a ba da haƙuri, ba a roƙo. A lura wasu na da iyaka: Harvard sau uku kawai take yarda mutum ya nemi makarantarta ta manyan digiri a fannonin nan a duk rayuwarsa. Yawancin ranakun rufewa tsakanin 1 ga Disamba ne da farkon Janairu, a agogon can. Ka tura kwana uku kafin wa'adi saboda wuta da intanet da katin banki da kan ƙi biyan dala. Dokokin biza kuma na canzawa daga shekara zuwa shekara bisa ƙasar mai nema, a duba halin da ake ciki kafin a biya kuɗin fom ko ɗaya.

In an yi zagaye biyu da takardun da aka gyara da gaske, ba hira ba jerin jira, to lokaci ya yi da za a tsaya a yi lissafi kafin na uku. Digirin kan ci shekara 6 zuwa 8, kuma tun bayan rikicin tattalin arziki na 2008 guraben koyarwa na dindindin a jami'o'in Amurka sun yi ƙasa da yawan masu kammalawa, kamar yadda rahotannin ƙungiyar masana tarihi ta Amurka ke nunawa. Tsarin ma ba shi kaɗai ba ne. A Birtaniya digirin shekara 3 zuwa 4 ne ba tare da dogon zangon darussa ba, yawanci sai da digiri na biyu, kuma gurbi dabam tallafi dabam: ana iya ba ka gurbi a makarantar SOAS ta Landan ko Jami'ar Birmingham ba ko sisi, sai ka nemi tallafin Commonwealth ko na jami'ar da kanka, kowanne da wa'adinsa. A Jamus akwai makarantar nazarin Afirka ta Bayreuth da tallafin DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus. A waɗannan wuraren bayanin manufa na shafi biyu ba ya wadatarwa. Cikakken tsarin bincike ake so, mai kalma dubu ɗaya zuwa uku gwargwadon jami'a, da jerin ma'adanai da jadawalin aiki na kowace shekara, kuma sai malami ya karanta ya yarda zai duba ka tun kafin ka cike fom.